Yadda muka tattara tarihin Kaka: murya, hotuna da lissafin shekaru

Tsohuwar da ta haura tamanin ba ta barin tarihinta wuri guda. Wani yana bakinta, wani yana bakin ƙannenta da ƙawayenta, wani yana cikin akwatin da ke ƙarƙashin gado, wani kuma yana cikin kaset ɗin da ba wanda ya kunna tun da rediyon gidan ta lalace. Da muka ɗauki aikin tattara na kakarmu, abin da muka fara tsayarwa shi ne jerin aiki, kuma tambaya ɗaya ce ta raba gardama: me zai riga ɓacewa? Takarda tana iya jiran shekara goma idan ruwa da gara ba su same ta ba. Kaset yana iya jiran 'yan shekaru. Mai shekara casa'in kuwa ba wanda zai ce maka ga abin da wata mai zuwa zai zo da shi, ko da rai ya kai, tunani yana iya riga shi tafiya. Saboda haka murya ce farko, sai kaset, sai hotuna, rubutu shi ne ƙarshe. Mutane da yawa da hotuna suke farawa don su ne a hannu, sai su gama gyara albam tsaf su tarar ba sauran mai iya faɗa musu su wa ke ciki.

Ɗaukar murya ba ya bukatar kayan aiki masu yawa. Wayar hannu ta isa, in an ƙara mata ƙaramin makirufo mai maƙalewa a riga. A sa manhajar ɗaukar ta ajiye fayil a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, a saitin kilohaz 48, bit 24, layi ɗaya (mono). Awa guda a haka tana cin kusan megabayit 520, MP3 na yau da kullum kuwa bai kai 60 ba, amma MP3 yana zubar da wani ɓangare na sautin ne don ya rage nauyi, kuma abin da ya zubar ba ya dawowa. Daga WAV ana iya fitar da MP3 a raba wa dangi ko yaushe. Kafin a fara, a sa wayar a yanayin jirgin sama, domin kira ɗaya yana iya katse ɗauka ba tare da mai riƙe da wayar ya lura ba. Makirufon a maƙala shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, a tabbatar mayafi ko sarƙar wuya ba sa gogarsa, don ƙarar gogar tufa ba ta fita da kowace irin gyara. Ɗaki mai katifa da labule ya fi falo mai tayil, wanda murya ke amsa kuwwa a cikinsa. A kashe fanka. Kunnen mutum yana mantawa da ƙarar fanka da ta firij bayan minti biyu, makirufo ba ya mantawa, yana ɗaukarta daga farko har ƙarshe. A ɗauki daƙiƙa talatin na gwaji a saurara da abin kunne, sannan a fara na gaske da faɗin kwanan wata, wuri, da sunayen waɗanda ke zaune.

Zama ɗaya kada ya wuce minti arba'in da biyar zuwa awa guda. Hantsi ya fi, bayan ta karya ta huta. Tsofaffi da yawa, musamman masu fara mantuwa, hankalinsu ya fi rikicewa idan yamma ta yi. In kunnenta ya yi nauyi, ɗaga murya ba ya taimakawa sosai, domin tsufa siraran sautuka yake fara ɗaukewa, kuma ihu yana ƙara sirantar da murya. A zauna gabanta inda haske ke kan fuskar mai tambaya, a yi magana a hankali da murya mai kauri. Mutum biyu sun isa a ɗakin: mai tambaya, da mai lura da waya yana rubuta sunayen da suka fito. Babban mai ɓata ɗauka shi ne ɗanta ko 'yarta da ke gefe tana cewa “a'a Inna, ba haka aka yi ba.” Da an gyara mata magana sau biyu za ta ja bakinta ta ce to ku tambaye shi, shi ya sani. Masu gyara a ba su nasu zaman daban, su ma shaidu ne.

Yadda aka gina tambaya shi ke kawo amsa. “Kaka, ba mu labarin yarintarki” ba ya haifar da komai sai “ai lafiya lau muka taso, sai godiya.” Wadda ta buɗe bakinta ita ce: “Kaka, in kin fito daga ɗakin da kike kwana kina yarinya, me kike fara gani?” Ta ce bishiya. Wace bishiya, wa ya shuka ta, wa ke zama ƙarƙashinta? Daga wannan bishiyar sunayen mutum bakwai suka fito, biyu daga ciki ba wanda ya taɓa jin su a cikin jikokinta. Tambayar wuri, ta aikin hannu, ta wa ya koya miki kaza, ta me kika sa ranar kaza, su ke jawo zance. Tambayar “a wace shekara” kuwa rufe shi take yi, don tana sa tsohuwa ta ji kamar jarrabawa ake mata. Idan ta yi shiru, a ƙirga goma a zuci kafin a ce uffan. Sau da yawa abin da ya fi daraja a zaman yana bayan shirun nan ne, kuma matashi mai tambaya shi ke saurin cike gurbin da wata tambayar. Kayan hannu ma suna aiki: tsohon makulli, almakashi, zobe, hoton da aka miƙa mata ba tare da an ce komai ba.

Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa tsofaffi sun fi tuna abin da ya same su tsakanin shekara goma zuwa talatin, kuma kafin shekara uku ko huɗu kusan ba abin da mutum ke riƙewa da kansa. Haka muka tarar. Yarinta, ƙuruciya, farkon aure da haihuwar fari sun zo dalla-dalla har da launin tufafi. Daga wajen shekara talatin da biyar zuwa sittin kuwa sai “muna nan dai muna ta fama da yara.” Shekara ashirin da biyar ke nan a jimla ɗaya. Wannan gurbi ba a bakinta ake cike shi ba, a bakin 'ya'yanta ne, domin shekarun nan su ne nasu goma zuwa talatin. Labarin da take maimaitawa kuma kada a tare ta da “kin faɗa mana.” A sake ɗauka. Abin da bai canja ba tsakanin faɗa uku shi ne ƙashin bayan labarin, abin da ke canjawa kuma a yi masa alama.

Bidiyo yana da amfani, amma kyamara tana sa mutum ya gyara zama ya gyara magana. Mun bar doguwar hira ga murya, muka ɗauki gajerun bidiyo na minti biyar zuwa goma, waya a kwance: hannayenta suna aiki, tafiyarta, dariyarta.

Inda aka fi shan gardama shi ne shekarunta. Wadda aka haifa ba tare da takardar haihuwa ba, dangi sukan ƙara mata shekaru da zuciya ɗaya, don ƙauna da girmamawa, kuma ƙarin yana hawa da kowane taro. Masu ƙidayar jama'a sun san wannan, sun kuma san cewa mutanen da ba su da takarda sukan faɗi shekarun da suka ƙare da sifiri ko biyar. Abin tunawa shi ne, mafi tsawon rai da aka tabbatar da takardu a duniya shi ne na Jeanne Calment 'yar Faransa, daga 1875 zuwa 1997, shekara 122 da kwana 164. Duk wanda aka ce ya kai 130, lissafi ne bai zauna ba. Kuma shekarar da ke kan katin shaida ko fasfon tsohuwa ba hujja ba ce kai tsaye, domin sau da yawa wani ma'aikaci ne ya dube ta ya ƙiyasta, shi ya sa ake yawan ganin 1 ga Janairu a irin takardun nan.

Hanyar da ta fi tsayawa ita ce a kewaye shekarar haihuwarta da haihuwar 'ya'yanta. Mace takan haihu ne tsakanin wajen shekara 15 zuwa 49. A nemo ɗan fari da auta, a samo shekarunsu daga takardar da aka rubuta kusa da lokacin, kamar rajistar makaranta ko katin asibiti. A wajenmu dangi sun tsaya a kan 110 lokacin da ta rasu. Autarta tana da 51 a lokacin, da takardar haihuwa ta 1972. In 110 gaskiya ne, ta haifi autar tana da 59 ke nan, abin da ba ya yiwuwa. Ɗan farinta an haife shi 1947. A cire 15 daga 1947, an sami 1932: ba a haife ta bayan nan ba. A cire 49 daga 1972, an sami 1923: da wuya a ce kafin nan ne. Tazarar shekara tara ta yi faɗi, sai aka matse ta da 'yan'uwanta. Tana da ƙane mai takardar makaranta da ta nuna 1934, kuma tsakaninsu akwai mutum ɗaya. Da tazarar shekara biyu zuwa uku tsakanin haihuwa da haihuwa, an dawo 1928 zuwa 1930. Abin da muka rubuta ke nan: an haife ta tsakanin 1928 da 1930, ta rasu tana da 93 zuwa 95. Wasu daga cikin manya ba su ji daɗin ragin ba, sai da aka zauna aka bi lissafin da su a takarda. A ganina rubuta tazara ya fi zaɓen shekara ɗaya, domin duk lambar da aka buga a littafi, jikokin gaba za su ɗauke ta kamar an sassaƙa a dutse.

A nan ne ya kamata a bincika da wace kalanda ake ƙirga. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka shekara 33 na Hijira daidai suke da kusan 32 na Miladiyya. Mai 94 a lissafin rana yana da kusan 97 a lissafin wata, kuma duka biyun gaskiya ne. In an ga shekarar Hijira a bayan wata takarda, a ninka ta da 0.97 a ƙara 622, za a faɗa kan shekarar Miladiyya ko maƙwabciyarta: 1400 ta ba da 1980, kuma ta fara ne a Nuwamba 1979.

Sauran abubuwan rayuwarta ana rataya su ne a jikin manyan al'amura masu sanannen lokaci. Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945. Saukar mutum a duniyar wata, Yuli 1969. Gangamin kawar da agana da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙarfafa daga 1967, har aka bayyana cutar ta ƙare a 1980. Tabon lamba a dantse yakan tuno mata wa take goye da shi ranar da aka yi. Canjin kuɗi, ƙidayar jama'a, mutuwar shugaba, shekarar fari ko ambaliya, zuwan jirgin ƙasa ko lantarki, kowace ƙasa tana da nata kuma ana samun shekarunsu a rubuce. Tambayar da ake yi ita ce: “Lokacin da abin nan ya faru, wa kike goyo? Kin yi aure? Kina famfara?” Famfara kaɗai tana ba da shekara shida zuwa bakwai. Husufin rana yana da kyau ƙwarai, domin hukumar NASA ta Amurka ta wallafa jerin husufai na shekara dubu biyar da taswirar inda kowanne ya bi. Na 30 ga Yuni 1973 ya ratsa Sahara zuwa gabashin Afirka, duhunsa ya haura minti bakwai a inda ya fi tsawo. Na 11 ga Agusta 1999 ya bi ta Ingila da sauran Turai da Turkiyya da Iran har Indiya. Sai dai a yi hattara: husufin da bai rufe rana duka ba yana yawan faruwa, kuma husufin wata ya fi shi yawa, ba ya tsayar da shekara. Sai ta ce gari ya yi duhu har kaji suka shiga akurki, sannan a nemi cikakke a taswira. Wani tarkon kuma shi ne ƙwaƙwalwa tana jawo abin da ya daɗe ta matso da shi kusa. “Bai fi shekara goma ba” a bakin mai casa'in yana iya zama ashirin da biyar. Kada a tsayar da shekara da alama ɗaya, sai biyu sun haɗu.

Bayan ta rasu aikin ya koma kan masu rai, kuma an bi su ne daga mafi tsufa zuwa ƙasa: ƙanwarta, ƙawarta ta ƙuruciya, tsohuwar maƙwabciya, sannan su Kawu da su Gwaggo. Kowa shi kaɗai. In aka tara su wuri guda, mai ƙarfin murya shi ke kafa labari, sauran su bi da “haka ne.” Makonnin farko na rashi ba lokacin wannan hira ba ne, abin da ake samu yabo ne kawai da hawaye, bayan wata biyu ko uku mutane sukan fara tuna ainihin mutum, har da faɗanta da abin dariyarta. Kowane bayani da ya shiga littafin aikinmu yana ɗauke da harafi ɗaya a gefe: G in mai maganar ya gani da idonsa, J in ji ya yi, T in akwai takarda. Tare da harafin akwai sunan mai faɗa da ranar da ya faɗa. Wannan ƙaramar alama ita ta riƙe aikin duka. Gani ya kori ji, amma ji ma ba a zubar da shi, ana dai rubuta shi a matsayinsa. In mutum biyu sun saɓa kuma ba takarda, a rubuta duka biyun da sunayensu, kada mai rubutu ya zama alƙali. Sunaye kuma a bi su da kyau: mutum ɗaya yana iya fitowa da sunan takarda, da laƙabin gida, da wanda ƙawaye ke kiransa, a wayi gari an ƙirga shi mutum uku. A buɗe shafi guda na sunaye tun ranar farko.

Kaset yana da nasa sharuɗɗa. Kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963, kuma waɗanda ke cikin gidaje yanzu yawanci sun haura shekara talatin. Kafin komai a ɓalle 'yan kunnuwan roba biyu da ke saman kaset, don kada yatsa ya taɓa maɓallin ɗauka a shafe muryar da ake nema. A duba ta tagar kaset: in akwai farin fumfuna a gefen zaren, kada a kunna, zai ɓata na'urar ya kuma shafa wa na gaba, wannan sai masu gyara. A duba ɗan audugar da ke tsakiya ƙarƙashin zaren, wanda ke danna shi jikin kan na'ura. Yakan faɗi idan gam ya bushe, sai murya ta fito a dushe. Ana iya cire zaren a mayar da shi cikin ƙoƙon wani kaset mai sukurori. A ɗame zaren da fensir, a tura shi gaba har ƙarshe a dawo da shi sau ɗaya don ya saki. Na'urar kuma a fara gwada ta da kaset ɗin da ba a damu da shi ba, domin bel ɗin roba na tsohuwar rediyo yakan saki, ko murya ta riƙa rawa ko na'urar ta tauna zaren. A goge kan na'urar da auduga da sifirit, a bari ya bushe. Daga nan waya ce daga mafitar sauti zuwa kwamfuta, da manhajar Audacity wadda kyauta ce. A daidaita ƙarfi yadda mafi ƙarar wuri zai tsaya wajen desibel 6 ƙasa da sifiri, kada ma'aunin sautin ya taɓa ja. Ba gajeriyar hanya: kaset mai alamar C90 minti 45 ne kowane gefe, kuma sai an zauna masa minti casa'in. A ajiye kwafin farko yadda ya fito da shuuu ɗinsa, gyara a kan kwafi na biyu ake yi, don manhajar rage ƙara tana cinye wani abu na muryar. A ɗauki hoton rubutun jikin kaset ma. In akwai kaset ɗin bidiyo na VHS a gaggauta, tun 2016 aka daina ƙera na'urarsa.

Hotuna a wanke hannu a bushe kafin a taɓa, a riƙe ta gefe. A sikana, ɗigo 600 a kowane inci ya isa ga hoto mai santimita 10 da 15, wanda zai ba da kusan ɗigo 2400 da 3600, fayil ɗin TIFF, tsarin da ba ya zubar da komai na hoton, na wajen megabayit 25. Ƙaramin hoto irin na fasfo a kai shi 1200, takardu kuma 300 ya wadatar. Ko hoton baƙi da fari ne a ɗauke shi da launi, a kashe gyaran da na'ura ke yi da kanta. A ɗauki baya kamar yadda aka ɗauki gaba: hatimin mai hoto, kwanan wata, rubutun hannu, sau da yawa bayan ya fi gaban amfani. In ba sikana, a shimfiɗa hoton kusa da taga a inuwa, a kashe fitilar waya, a riƙe wayar daidai saman hoton ba a karkace ba. Hoton da ya manne da gilashin firam kada a ɓamɓare shi, fuskar za ta bi gilashin. A ɗauke shi ta cikin gilashin. Waɗanda suka manne da juna ma kada a ja. Hotuna masu launi na shekarun 1970 da suka koma jaja-jaja, rininsu ne ya koɗe ba daidai ba, kuma ba ya tsayawa, don haka su ake fara yi kafin baƙi da fari, waɗanda suka fi su juriya.

Abubuwa huɗu ke kashe hoto da takarda a hannun masu son su: lamineshin, salatif, robar ɗaure kuɗi, da biro. Lamineshin zafi ne da gam, kuma ba ya warwaruwa. Salatif yana barin tabo ruwan ƙasa, roba tana narkewa ta manne, tawadar biro tana ratsawa ta fito a fuska. Sunaye a rubuta su a baya da fensir mai laushi, 2B ko sama, ba tare da dannawa ba, daga hagu zuwa dama yadda mutanen suke tsaye. A ajiye su a ambulan ɗin takarda cikin akwati, nesa da ƙasa da bangon da ke tsatsafo, domin fumfuna tana tashi idan laima ta haura wajen kashi 65 cikin ɗari. Manhajojin nan masu sa wa tsohon hoto launi su gyara fuska, a yi wasa da su in ana so, amma kada abin da suka fitar ya shiga ma'ajiya a matsayin hotonta. Ƙirƙirar ido da baki suke yi daga fuskokin wasu, kuma 'yarta ta fari da ta ga ɗaya cewa ta yi wannan ba Inna ba ce.

Mayar da murya rubutu shi ne aikin da ya fi cin lokaci: awa ɗaya ta hira tana cin awa biyar zuwa shida. Don haka ba a fara da rubuta komai ba. An fara da jadawali, kowane minti biyar a rubuta lokacin da abin da take magana a kai, sannan a zaɓi wuraren da za a rubuta kalma da kalma. Manhajar da ke rubuta magana da kanta tana tuntuɓe a kan muryar tsofaffi da sunayen mutane, sai an bi ta layi-layi. A bar mata kalmominta da karin harshenta yadda suke, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Inda ba a ji ba a rubuta “ba a ji ba” da lokacin, kada a cika da zato. Kalmar da matasa ba su sani ba a tambayi tsararta tun suna nan.

Sunan kowane fayil ya fara da shekara, wata, rana, sannan mai magana da batu, don su jeru da kansu. Ajiya kuma kwafi uku ne, a kan irin ma'ajiya biyu, ɗaya a wani gida daban: kwamfuta, faifan ajiya na waje, da intanet. Google yana ba da gigabayit 15 kyauta, wanda hirar awa ashirin a WAV za ta cinye fiye da rabinsa, kuma tun Disamba 2023 yana iya share asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba. Mutum biyu su san kalmar sirri. Filash da katin waya na ɗaukar kaya ne daga nan zuwa can, ba a dogara da su shekaru. WhatsApp kuma ba ma'ajiya ba ce: yana matse hoto, yana goge bayanan ranar da aka ɗauka, kuma wayar da ta ɓace tana iya tafiya da komai. In dole ta nan za a aika, a aika a matsayin takarda (document) don fayil ɗin ya isa yadda yake. Sau ɗaya a shekara wani ya buɗe ma'ajiyar ya kunna fayil biyu ko uku, bayan kamar shekara biyar kuma a kwashe zuwa sabon faifai.

Da aka zo rubuta littafin, jera shi shekara-shekara bai yiwu ba, tunda rabin shekarun tazara ce. Gidajen da ta zauna su suka zama babi-babi, domin da su ita ma take auna rayuwarta: gidan mahaifinta, gidan aurenta, gidan da ta tsufa. Kowa da aka tambaya ya ce mai haƙuri ce, mai kyauta ce, kuma gaskiya ne, amma haka ake faɗa a kan kowace kaka. Duk inda irin kalmar nan ta fito, an koma wa mai faɗa an ce ba mu rana ɗaya da ka gani, sai a rubuta ranar a cire kalmar. Zafin zuciyarta da taurin kanta ma sun shiga, da izinin 'ya'yanta. A jerin zuriya an sa 'ya'yan da suka rasu suna ƙanana a gurbinsu, don ita ba ta taɓa cire su daga ƙirga ba, kuma ba tare da su ba tazarar haihuwa ba ta fita daidai. Jikoki da tattaɓa-kunne an ƙirga su da suna, gida-gida, tunda “sun fi ɗari” shi ma irin 110 ɗin nan ne.

Akwai abin da ta faɗa wanda ya shafi mutanen da ke raye: auren da ya mutu, rigimar da aka binne, bashin da ba a biya ba. Tun tana da rai aka tambaye ta, a cikin ɗaukar, me ta yarda a yaɗa, me take so a rufe. Abin da ta ce a rufe yana folda daban wadda mutum biyu kaɗai ke iya buɗewa, ba a share shi ba, ba a kuma buga shi ba. Kafin a kai wa mai ɗab'i, manya uku daga ɓangarori daban na zuriyar suka karanta, wadda ba ta karatu aka karanta mata. An buga kwafi kaɗan da farko, da lambar bugu da kwanan wata a shafin ciki, aka bar shafi huɗu farare a ƙarshe. Gyare-gyare suna zuwa ne bayan littafi ya shiga hannu, lokacin da wata gwaggo za ta ga hoto ta ce wannan na tsaye ba wane ba ne, wansa ne. Mutum ɗaya aka ɗora wa karɓar irin waɗannan, yana rubuta kowanne da harafinsa, G ko J ko T, har a tara na bugu na biyu.